BULON POLLAGH: ƘAUYEN DA KANAL YA RAYA, SIMINTI YA KWANTAR

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda yake sauri ya ajiye shi sai dare.

Shekaranjiya da na tashi daga ofis na biya wajen masu buga bulo, saboda ɗan ginin nan nawa da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Muna cikin ciniki ana ta ƙorafin kuɗin siminti kamar yadda kowa yake yi, sai wani abu da na daɗe ina son rubutawa ya faɗo mini a rai. Shekarun baya an tura mu wani gajeren kwas a Dublin, babban birnin ƙasar Ailan. Masaukinmu tsohon gida ne. Gabansa jan bulo ne sumul, kowane ɗaya daidai da ɗan'uwansa kamar an auna da ma'auni. Amma tagar ɗakina baya take kallo, kuma bangon baya wani abu ne daban: bulo ne ruwan ɗorawa da ya dafe saboda hayaƙi, wani ya fi wani kauri, wani gefensa ya ƙone, wani ya ɗan karkace. Na tambayi dattijon da ke kula da gidan. Ya ce ai irin wannan ta jirgin ruwa ake kawo shi daga ƙauyuka, talakawa ne suka buga shi da hannu, shi ya sa ake ɓoye shi a baya inda baƙo ba ya gani. Tun daga ranar nake bin diddigin labarin waɗannan ƙauyuka, kuma wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Pollagh.

Pollagh ɗan ƙauye ne a gundumar Offaly, tsakiyar ƙasar, tsakanin garin Tullamore da garin Ferbane, kusa da kogin Brosna. A zamanin mulkin Ingila gundumar King's County ake ce mata. Sunan ƙauyen ya samo asali daga kalmar da ke nufin rami a harshensu na gado, kuma sunan ya dace, don wurin dausayi ne ta ko'ina. Sai dai ba irin dausayin da muke noman rani a ciki ba. Bayan ƙanƙarar da ta lulluɓe ƙasar ta narke, kimanin shekara dubu goma da suka wuce, sai ta bar tafkuna marasa zurfi. Laka mai laushi ta kwanta a ƙasansu. Daga baya ciyayi da gansakuka suka yi ta tsirowa suna mutuwa a cikin ruwan ba tare da sun gama ruɓewa ba, suna hawa kan juna shekara bayan shekara, har suka zama wata baƙar ƙasa mai kaurin mita da yawa. Idan aka yanko ta aka shanya ta bushe, tana cin wuta kamar busasshen kashin shanu, har ta fi shi daɗewa. Su taf suke ce mata, kuma da ita talakan Ailan ya yi girki ya ji ɗumi ɗaruruwan shekaru.

Kun ga ke nan Allah ya haɗa wa mutanen Pollagh abu biyu a wuri ɗaya: yumɓu a ƙasa, makamashin gasa shi a sama. Launin ma daga ƙasar yake. Yumɓun da ƙarfe ya yi yawa a cikinsa ja yake fitowa daga wuta, wanda kuwa farar ƙasa ta yi yawa a cikinsa ruwan ɗorawa yake fitowa, kuma tsakiyar Ailan a kan dutsen farar ƙasa take zaune. Mu duk gasasshen bulo jan bulo muke ce masa. To nasu jan bulo ne amma ruwan ɗorawa.

Tambayar da ta fara damuna ita ce: yumɓun nan da taf ɗin nan sun yi dubban shekaru a wurin, me ya sa sana'ar ba ta kankama ba sai a ƙarni na 19? Amsar nauyi ce. Gasasshen bulo ɗaya yana kai kilo biyu da rabi zuwa uku. Guda dubu kusan tan uku ke nan. Doki da amalanke a kan hanyar wancan zamani, ballantana hanyar da ta ratsa dausayi, da ƙyar yake jan tan ɗaya, wato bulo ɗari uku da 'yan kai. Kafin ka kai shi Dublin, tafiyar sama da kilomita ɗari, kuɗin abincin doki da na ɗan amalanke sun cinye kuɗin kayan. Bulo kaya ne mai arha mai nauyi. Idan babu hanya mai sauƙi, kasuwarsa ba ta wuce inda hayaƙin gashinsa ya tsaya.

Abu biyu ne suka canza lissafin, kuma duka biyun ba a Pollagh aka yanke su ba.

Na farko doka ce. A ƙarni na 18 Dublin tana ta bunƙasa, ana gina manyan unguwannin jan bulo irin su Merrion Square, kuma masu gasa bulo a gefen gidajen mutane suke aikinsu. Hayaƙi ya ishi mazauna birni, suka yi ta kuka. A 1771 majalisar dokokin Ailan ta hana gasa bulo a cikin tazarar mil biyu daga fitilun titunan birnin. Ba a rage buƙatar bulo ba, wurin yin sa kawai aka kora waje.

Na biyu kanal. Wanda ya san kanal ɗin noman rani na Kadawa ko Kura ya ƙaddara irinsa, amma mai faɗi da zurfin da jirgin dakon kaya zai bi, da ƙofofin ruwa da ke ɗaga jirgi ko sauke shi inda ƙasa ta yi tudu. Grand Canal ake ce masa. An fara haƙa shi a 1756, kuma aikin ya sha wuya, musamman inda ya ratsa dausayi, don ƙasar tana nutsewa tana zamewa a ƙarƙashin ma'aikata. Sai 1798 ya isa Tullamore, sannan a 1804 aka buɗe shi har kogin Shannon, tsawon kimanin kilomita 130 daga Dublin. Kusan shekara hamsin ana aiki ɗaya! Wannan kashi na ƙarshe shi ne ya bi ta Pollagh. Jirgi ɗaya da doki ɗaya ko biyu ke ja daga bakin gaɓa yana ɗaukar tan arba'in ko fiye, wato bulo sama da dubu goma a sawu guda. Yumɓun da jiya ba shi da wata daraja sai ɓata wa mutum takalmi, yau ya zama kuɗi.

Bari in ɗan tsaya a kan yadda ake aikin, don nan ne na fi jin tausayin mutanen kuma na fi girmama su. Kada a ɗauka wata masana'anta ce mai dogon bututun hayaƙi da manaja da akawu. Filaye ne na iyalai, kowa da nasa, a kusa da bakin kanal. Aikin shekara guda ne cur. Da hunturu ake haƙo yumɓun a tara shi a fili, a bar sanyi da ƙanƙara da ruwan sama su farfasa shi. Idan yanayi ya fara sassautawa sai a jiƙa shi, a juya da shebur, a tattake, a tsince duwatsu. Tsince duwatsun ba wasa ba ne, don ƙwayar farar ƙasa ɗaya idan ta shiga wuta ta fito, ranar da ta sha ruwa sai ta kumbura ta tsaga bulon. Sannan gwanin bugu ya tsaya a gaban tebur da mazubin katako, ya yafa yashi don kada ya manne, ya danƙara curin yumɓu a ciki, ya share saman da sanda, ya miƙa. Masu ɗauka, galibi yara, su ruga da shi filin shanya su kife su dawo. Gwani da cikakkun mataimaka yana buga dubbai a yini ɗaya, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, kuma ku tuna ranar bazara a can tana kai wa ƙarfe tara na dare ba ta faɗi ba.

Sai babbar fargaba: ruwan sama. Mu nan mai tubali ya san yana da wata shida ko bakwai da ko ɗigo ba zai sauka ba. A Ailan babu watan da ba a ruwa. Ɗanyen bulo yana buƙatar makonni kafin ya bushe, ana jera shi ana juyawa ana rufe shi da ciyawa. Hadari ɗaya da ya zo da dare ba a shirya ba yana iya mayar da aikin mako guda laka. Don haka daga wajen watan Afrilu zuwa Satumba kawai ake bugu, ido ɗaya a kan tebur ido ɗaya a sama.

Gashin ma ba a ginannen tanderu ake yi ba. Ɗanyen bulon ne da kansa ake jerawa ya zama tsibi kamar ɗaki, a bar ramukan wuta a ƙasa, a yaɓe jikinsa, a cusa taf a kunna, a yi kwana da kwanaki ana ciyar da wutar ba dare ba rana, sannan a jira ya huce. Kusan yadda matan da ke ginin tukwane suke tuya, sai dai wannan ya fi girma nesa ba kusa ba. Kuma matsalarsa iri ɗaya ce da tasu: wuta ba ta adalci. Na kusa da ramin wuta ya ƙone ya karkace, na gefe bai gasu ba ya fito da laushi, na tsakiya ne mai kyau. Sai a ware su daraja-daraja, kowanne da farashinsa. Wannan shi ne sirrin bangon da na gani ta tagata.

Me sana'ar ta tsinana musu? Galibin mutanen karkarar Ailan a lokacin ba su mallaki gonakin da suke nomawa ba, haya suke biya wa masu ƙasa, kuma gonar bakin dausayi ba ta ba da abin kirki. Bulo ya ba su abin da dankali ba ya bayarwa, wato tsabar kuɗi a hannu. Ya ba mai yankan taf aiki, ya ba ɗan amalanke, ya ba mai jirgi. Ba arziki ba ne, rufin asiri ne, amma a ƙasar da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kashe kimanin mutum miliyan ɗaya ta kori wani miliyan ɗaya zuwa ƙetare, rufin asiri ba ƙaramin abu ba ne. Bulon ya shiga gidaje da shaguna da bututun hayaƙi a Tullamore da sauran garuruwan bakin kanal, ya kai har Dublin. A cikin ƙauyen ma, cocinsu na St Mary's da aka gina a wajen 1907 da wannan bulon nasu aka yi shi.

To yaya aka yi ta mutu? Yumɓun bai ƙare ba, har gobe yana nan. Hannun mutanen ma bai manta ba. Abin da ya faru shi ne duniya ta sauya ma'auni.

Jirgin ƙasa ya fara. Ya isa Tullamore a 1854, ya isa Ferbane a 1884, amma bai tsaya a Pollagh ba. Duk fifikon ƙauyen a kan cewa yana bakin hanya mafi arha yake, sai ga wata hanya ta zo wadda ta fi sauri kuma ta bi ta ƙofar wasu. Garin Kingscourt a gundumar Cavan ya samu layin dogo a 1875, kuma yana da jan yumɓu mai kyau, sai bulonsa ya cika kasuwa. Portmarnock, arewa da Dublin kaɗan, ita ma a kan layin dogo take. Ga kuma na Ingila da dama can ake shigo da shi ta teku, irin na Bridgwater, wanda masu hali suke sa wa a fuskar gida.

Sai inji da sabon tanderu. A 1858 wani Bajamushe mai suna Friedrich Hoffmann ya yi rajistar wata dabara: tanderu mai ɗakuna a jere a zagaye, wutar ba ta mutuwa, daga ɗaki take matsawa zuwa ɗaki. Zafin bulon da ke hucewa shi ke ɗumama iskar da ke shiga wuta, hayaƙin da ke fita kuma shi ke busar da ɗanyen da ke jiran layi. Makamashi kaɗan, aiki rani da damina, kuma kowane bulo ya fito kamar tagwayen ɗan'uwansa. Amma gina irin wannan sai kamfani mai jari da masu hannun jari da banki a baya. Iyalin da ke bugu a filin haya ba su da wannan. Abin da ya fi ba ni takaici, a ƙarshen ƙarni na 19 kamfanin bulo na zamani ya kafu a Dolphin's Barn, a gefen Dublin, dab da wannan kanal ɗin dai, yana fitar da bulo ruwan ɗorawa na inji. Launinsu, a bakin ruwansu, a ƙofar kasuwarsu.

A nan ne abin ya taɓa ni a matsayina na ma'aikacin gwamnati. Babu wanda ya taɓa sa hannu a takarda cewa a rufe filayen bulon Pollagh. Abin da ake yi shi ne injiniya ko mai zanen gini ya zauna ya rubuta sharuɗɗan kwangila: bulo ya zama girmansa ɗaya, gashinsa ɗaya, ƙarfinsa kaza, a kawo adadi kaza kafin rana kaza. Kowane sharaɗi a cikinsu daidai ne, ba wanda zai ce a gina wa jama'a asibiti da bulon da bai gasu ba. Amma idan ka haɗa su, ka fitar da mai bugun hannu daga gasar tun kafin ya ji labarinta. Wallahi ni kaina na sha rubuta irin waɗannan layuka a fayil, oga ya sa hannu, a wuce wurin, kuma ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa layin ya rufe wa ƙofa ba.

Bugun ƙarshe siminti ne, kuma a nan akwai abin mamaki. Ailan ta samu gwamnatin kanta a 1922. Da Éamon de Valera ya hau mulki a 1932, babbar manufarsa ita ce ƙasa ta dogara da kanta, a rage sayen kayan Ingila, a yi amfani da na gida. Mutum zai zaci ranar mai bulon ƙauye ta zo, don me ya fi yumɓun gida da aka gasa da taf ɗin gida zama kayan gida? Ina! Gwamnati tana da dubban iyalai a cunkushe a ruɓaɓɓun gidajen haya na Dublin, tana son gidaje da yawa, da sauri, da arha. Aka yi dokar siminti a 1933, aka buɗe masana'antun siminti biyu a Drogheda da Limerick a 1938. Manyan unguwannin da aka gina wa ma'aikata a wancan lokaci, irin su Crumlin da Cabra, kankare ne ya fi yawa a jikinsu. Bulon siminti ba ya son wuta, ba ya jiran hunturu ya farfasa masa ƙasa, guda ɗaya yana cike gurbin ƙananan bulo da yawa, magini ya fi sauri da shi. Tsakuwa da yashi kuwa gundumar Offaly cike take da su, tuddai-tuddai da ƙanƙarar nan ta dā ta bari. Ni ban ga laifin gwamnatin ba, da ni ne a kujerar ƙila abin da zan zaɓa ke nan. Amma gaskiya ita ce manufar raya kayan gida ce ta ƙarasa tsohon kayan gida. Filayen suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, ramukan da aka haƙi yumɓu suka cika da ruwa. A tsakanin 1937 da 1939, lokacin da hukumar tattara al'adun ƙasar ta sa yaran firamare sama da dubu hamsin su rubuto abin da suka ji daga bakin tsofaffinsu, a wurare da dama bugun bulo a babin tsofaffin sana'o'i ya fito.

Kanal ɗin ma bai daɗe a bayansu ba. An mayar da shi hannun hukumar sufuri ta gwamnati a 1950, kuma a watan Mayun 1960 jirgin kaya na ƙarshe, mai lamba 51M, ya bar Dublin zuwa Limerick ɗauke da gangunan giyar Guinness.

Amma ƙauyen bai watse ba, kuma abin da ya cece shi zai ba ku mamaki: makamashin. Taf ɗin da dā ɗan rakiya ne a sana'ar bulo shi ya koma uban tafiya. Dab da Pollagh akwai dausayin Turraun, inda wani tsohon injiniyan tashar jiragen ruwan Dublin, Sir John Purser Griffith, ya kafa aikin yankan taf da inji a shekarun 1920. A 1934 gwamnati ta kafa hukumar raya taf, ta karɓi Turraun ba da daɗewa ba. Da yaƙin duniya na biyu ya zo kwal ɗin Ingila ya yanke, taf ne ya hana Dublin daskarewa, har tsibi-tsibi aka yi ta tara shi a filin Phoenix Park. A 1946 hukumar ta zama kamfanin gwamnati mai suna Bord na Móna, a 1957 aka buɗe tashar lantarki mai ƙona taf a kusa da Ferbane. 'Ya'ya da jikokin masu bulo suka zama ma'aikata masu albashi da fansho, abin da kakanninsu ba su taɓa mafarki ba.

Shi ma wannan ya zo ƙarshe, kuma a idonmu. Masana suka nuna cewa dausayi rumbun ajiyar iskar kabon ne, yanke shi da ƙona shi yana ƙara ɗumamar duniya fiye da kwal idan aka auna da wutar da yake bayarwa. Tashar Ferbane ta rufe a 2001. A 2019 hukumar tsare-tsare ta ƙasa ta ƙi amincewa tashar Shannonbridge ta ci gaba, aka rufe ta a Disambar 2020. A Janairun 2021 Bord na Móna ya sanar cewa ya daina yankan taf kwata-kwata, sannan a 2023 masana'antar curin taf ta Derrinlough, ta ƙarshe a ƙasar, ita ma ta tsaya. Bambancin wannan karon da na masu bulo shi ne an yi maganar diyya da sake horar da ma'aikata, kuma Tarayyar Turai da gwamnatin Ailan sun ware Yuro miliyan 169 don yankin tsakiyar ƙasar. Masu bulo ko sisi ba wanda ya ware musu, don ba su da ƙungiya, ba su da rajista, ba a ma lissafa su a matsayin masana'anta balle a ce an rufe.

Yau Turraun an sake sakar masa ruwa, ya zama tafkin tsuntsaye a cikin wurin shaƙatawa na Lough Boora. Hanyar da dawakai suke bi suna jan jiragen bulo an gyara ta, masu keke da masu tattaki ne suke bin ta. Cocin nan yana nan da bangonsa ruwan ɗorawa, da tagogin gilashi masu launi daga shagon Harry Clarke, kuma teburin ibadarsa an sassaƙa shi ne da kututturen itacen da aka tono daga cikin dausayin, wanda ya yi dubban shekaru a binne tsakanin taf da yumɓu.

Mai bulon nawa dai bai rage mini ko kwabo ba. Na ba da kafin alƙalami na guda ɗari biyar, ya ce in turo mota ranar Asabar.